Ginshiƙin da Na Kafa Kai Ƙasa

Da Kayoko ta zo bikin tunawa da magabata a watan Agusta, ko takalmi ba ta gama cirewa ba ta fara bincike. Ta ja ƙofar baranda, ƙofa ta ƙi rufuwa. Ta sa hannu biyu ta sake ja, ta tsaya da sauran tazarar yatsu huɗu. Sai ta ɗaga kai ta bi bakin rufi da kallo har kusurwar gabas, inda ginshiƙi ya yi doro ya bar rufin yana saukowa a hankali.

"Baba, tun yaushe abin nan yake haka?"

"Tun kina goye," na ce mata.

"A'a, bara bai kai haka ba. In ƙanƙarar bana ta taru a kansa, kana ciki zai rufto maka, mu kuma sai ta narke mu ji labari."

Kayoko ita kaɗai muka haifa. Bakin uwarta ta ɗauko, amma ta bar haƙurin a baya. Tana birni da mijinta a hawa na tara, kuma tun da matata Fusae ta rasu shekara uku da suka wuce ta gyara mini wani ɗaki can, mai taga ɗaya da ke kallon bangon maƙwabta. Kullum ta yi maganar ina kaucewa. Ran nan dai ta ritsa ni.

"Zan dawo ƙarshen Nuwamba. In ƙofar nan ba ta rufuwa, ka haɗa kayanka, ba wata gardama. Ko kuma ka bari in turo kamfani su cire shi su sa na ƙarfe, wuni ɗaya sun gama."

Na ƙarfe! A gidana, gidan Genzo, wanda ya yi shekara hamsin yana kafinta, wanda rabin gidajen kwarin nan da hannunsa suka tashi ba tare da ƙusa ko ɗaya ba. Na ce mata na ji, na yarda da sharaɗin, amma duk wanda ya shigo mini da ƙarfe zai fita da shi a ka.

Ginshiƙin nan itacen sugi ne, doguwar bishiyar da muke gini da ita, daga dutsen mahaifin Fusae. Tsohon ne ya ba mu shi kyauta lokacin da na ƙara wa gidan baranda, kuma Tokuji, yayan Fusae, shi ya sare shi ya jawo shi har ƙofata. Ni na fafe shi ya zama mai kusurwa huɗu, na goge shi har yana sheƙi. Ranar kafawa aikin gayya aka yi, gari duk ya taru, mata na dafa shinkafa a tsakar gida. Mun ɗora shi a kan dutsensa ke nan, ana shirin zuba masa gishiri da giyar shinkafa, sai Tokuji ya karkata kai ya ce da ƙarfi:

"Gen, ai kai ƙasa ka kafa shi."

A wajenmu yadda itace ya tsaya a dutse haka zai tsaya a gida, gindi ƙasa, kai sama. Tsofaffi sun ce wanda aka juya ba ya samun sukuni, kullum yana neman hanyar komawa daidai. Yaran yanzu dariya suke yi in sun ji. Amma a ce kafinta ya yi wannan, gara a gan shi a kasuwa ya naɗe rigarsa ta ɓangaren da ake naɗa wa gawa. Raina ya ɓaci, na ce masa mai gatari ya tsaya a kan gatarinsa, ya bar mini aikina. Aka zuba gishiri, aka ci, aka watse. Daga ranar muna gaisawa, muna haɗuwa a jana'iza da biki, amma ban sake neman hannunsa a komai ba, shekara arba'in da ɗaya.

Da ginshiƙin ya fara lanƙwasa, ban rasa wanda zan ɗora wa laifi ba. Fusae tana ɗaure igiyar shanya a jikinsa, kuma kowace kaka takan fere 'ya'yan bishiyar kaki ta tsakar gida ta jera su a kan igiyar su bushe. Na ce igiyarta ce. Na faɗa a gida, na faɗa a gaban baƙi, har ya zama abin barkwanci. Ita kuwa sai ta yi murmushi ta ce, "To, maigida, a yi haƙuri da ni da igiyata."

Gida talatin da ɗaya ne a ƙauyen nan lokacin da muka kafa ginshiƙin. Yanzu hayaƙi biyu ke tashi da safe, nawa da na Tokuji a tsallaken rafi. Makaranta ta zama wurin kwanan birai, motar haya ta daina hawowa, mai kanti yana zuwa da motarsa ranar Alhamis kawai. Da na tashi nakan ajiye wa hoton Fusae shinkafa da shayi, in hura wuta, in fito baranda in duba tsallake. In na ga hayaƙi sai in ce, tsohon banza bai mutu ba, in koma ciki. Wata rana wannan ce kaɗai maganar da nake yi har rana ta faɗi.

Farkon Satumba na fara aikin ni kaɗai. Na naɗe doron da tsofaffin barguna, na riƙa kwara masa tafasasshen ruwa safe da yamma. Na ɗaura igiya riɓi biyu daga tsakiyarsa zuwa gindin bishiyar kaki, na cusa sanda a tsakani ina murɗawa kaɗan-kaɗan. Ginshiƙi ya yi ƙara, ya ɗan miƙe, na ji daɗi har na yi masa magana mai taushi. Bayan kwana shida na kwance igiyar. Kafin in gama shan shayi ya koma yadda yake. Na zage shi, na zagi dutsen da ya fito, na zagi bishiyar kaki da ba ta yi mini komai ba.

Na dai san gaskiya. Itacen da ke ɗauke da nauyi ba ya miƙewa a tsaye, sai an sauke shi an kwantar. Sauke shi kuwa sai an ɗaga rufi, kuma ɗaga rufi aikin mutum biyu ne, ɗaya yana buga jak, ɗaya yana riƙe da abin tokara. Na ce ni zan yi duka biyun. Na ɗauko jak ɗin tsohuwar motata, na kafa gungume a kansa, na fara bugawa da ƙafa ina riƙe da gungumen da hannu. Rufi ya ɗaga kamar faɗin yatsa, sai gungumen ya zame ya bugi kafaɗata, na tafi da baya na faɗi cikin lambu.

Na daɗe a kwance ina kallon sama. Ba abin da nake ji sai rafi. Na buɗe baki zan kira Fusae, na tuna, na rufe. Tsoro ya kama ni sosai, ba na ɓoyewa, don na ga yadda mutum zai iya kwanciya a nan har Alhamis.

Washegari na ɗauki kwalbar giya da sabon tawul, yadda ake yi in za a roƙi gayya, na tsallaka gada. Na tarar da Tokuji a ƙofar gida yana faskare. Shekararsa tamanin da uku, bayansa ya fi ginshiƙin nawa doro. Na rusuna.

"Yaya, na zo roƙon hannu."

"Me ka ce? Wannan kunnen ya daɗe da mutuwa."

Na zagaya ɗaya ɓangaren. "Na ce na zo roƙon hannu."

"Ɗan ƙara murya, rafi ya cika surutu."

"Ka ji sarai, tsohon banza!"

Ya fashe da dariya har tari ya sarƙe shi. Ya karɓi tawul ɗin ya goge ido da shi.

"Na ga faɗuwarka jiya. Har na sa takalmi ɗaya, sai na ga ka motsa ƙafa, na ce bari in bar babban kafinta da girmansa. Jeka, ina zuwa. Kuma ka dafa shayi na kirki, ba ruwan wankin nan da kake ba baƙi ba."

Da mutum biyu aikin bai ɗauki awa ɗaya ba. Ya riƙe gungume, na buga jak, rufi ya ɗaga, muka tokare shi da katako biyu. Muka zare ginshiƙin daga raminsa na sama, muka sauke shi daga dutsensa, muka kwantar da shi a tsakar gida muna haki. Tokuji ya je ya tsuguna a wannan ƙarshe ya duba, ya tashi ya je wancan ya duba, sannan ya zauna ya ciro tabarsa ya kunna. Da ma zagina ya yi da ya fi mini sauƙi.

Na je na duba da kaina. Ƙarshen da ya yi shekara arba'in da ɗaya a cikin rufi, zoben shekarunsa sun fi yawa, jan cikinsa ya fi faɗi. Gindi ne, ko makaho ya shafa zai gane.

"Ko in ƙirga maka?" in ji Tokuji.

"Ba sai ka ƙirga ba."

Maganar gaskiya, ban taɓa tsayawa na kalli kullin rassan da ke jikinsa da kyau ba, duk tsawon shekarun nan. Ina wucewa ta gabansa sau ashirin a rana ina kawar da ido, don ina tsoron abin da zan gani.

Tokuji ya busa hayaƙi. "Fusae ta sani tun ranar. 'Yar mai daji ce, tana shekara goma take gane gindin itace da tafin hannu. Da ka fara ɗora wa igiyarta laifi na ce zan zo in fasa maka kai. Ta tare ni a gada ta ce, Yaya ka bari, igiya ba ta da suna a gari, shi kuwa yana da shi."

Na tashi na ce zan duba ruwan zafi. Na shiga ciki na tsaya gaban hotonta. Tana nan da murmushin nan nata na a yi haƙuri da ni da igiyata. Kunya ta rufe ni, da baƙin cikin cewa babu inda zan kai haƙurin da nake son bayarwa. Na daɗe kafin in fito da butar.

Muka ɗora ginshiƙin a kan gungume biyu, doron yana sama. Muka naɗe shi da jiƙaƙƙun barguna, muka tona ɗan rami a ƙarƙashinsa muka zuba garwashi don tururi ya ratsa shi. Sannan muka kwaso duwatsun rafi a buhu, ɗaya-ɗaya don ba mu da ƙarfin biyu, muka rataya a tsakiyarsa. Ba a yi wa itace gaggawa. Kullum sai a ƙara dutse ɗaya, a ja zare daga ƙarshe zuwa ƙarshe a ga nawa ya sauko. A wurin da ya fi taurin kai na yi masa tsaga uku da zarto ta cikin lanƙwasar, na buga ƙananan katakai masu tauri a ciki, na share su har ba a gane wurin.

Kwana goma sha tara muka yi a haka. Tokuji yakan tsallako da hantsi da sandarsa, ya duba zare, ya ce aikin banza nake yi, ya zauna. Ni kuma in ce mai gatari me ya sani, in kawo shayi da gasasshen dankali. Na manta yadda ake dafa abinci na mutum biyu, ranar farko shinkafar ba ta ishe mu ba. Muka yi hirar mutanen da suka tafi, gida-gida, daga bakin gada har gindin dutse. Wani lokaci sai mu yi shiru, kuma shirun mutum biyu daban yake da wanda na saba.

Wata rana ya ce, "Kai, wai me kake ƙonawa da safe? Hayaƙinka kamar gobara."

"Itace mana."

"Ƙarya kake. Ɗanyen ganyen sugi kake zubawa don ya yi kauri in gani."

"Wa ya damu ka gani?"

"Oho dai. Ni ma shi nake zubawa."

Ranar da zare ya kwanta a jikin ginshiƙin daga ƙarshe zuwa ƙarshe ba tazara, muka bar shi ya sha iska sati biyu da duwatsun a kai. Ganye ya gama zuba, kan dutse ya yi fari. Muka cire buhunan, bai motsa ba. Tokuji ya tofa yawu a tafinsa.

"To, yanzu a juya shi daidai. Ka gyara bakin nan ya hau dutse, wancan ka fafe shi ya shiga rami. Shekara ɗari zai yi ba ruwansa."

Na ɗauko zarto, na durƙusa, na mirgina ginshiƙin don in sa alama. Sai ga wurin ya fuskanto ni. Barguna ba su kai nan ba, don can ƙasa yake da doron. Wani tabo ne baƙi-baƙi mai santsi, faɗin tafin hannu biyu, daidai inda kan mutum yake kaiwa in ya zauna a baranda ya jingina. Man gashin Fusae ne. Nan take zama ta fere kaki, nan take ɗinki, nan ta shayar da Kayoko, nan na riƙa fito da ita ta sha rana a watanninta na ƙarshe. Tun da ta tafi a nan nake shan shayi, ban taɓa gaya wa kowa dalili ba. Na auna da ido. In aka juya shi, tabon zai koma can sama kusa da rufi, inda sai da tsani.

Na ajiye zarton.

"Yadda yake za mu mayar da shi."

"Ka haukace? Bayan duk duwatsun nan da na ɗauka da tsufana? Zai sake yin doro, Gen."

"Nan da shekara nawa?"

"Goma. Sha biyu in ka ci sa'a."

"Yaya, saba'in da tara fa nake da ita."

Ya buɗe baki zai zage ni, sai idonsa ya kai wurin. Ya matso da kyar ya durƙusa, ya ɗora tafinsa a kan tabon, ya bar shi a nan.

"Nan take zama?"

"Nan."

Ya ja hanci, ya goge da bayan hannu. "To ɗaga mana, me kake jira? Wancan karon jahilci ne, wannan karon kuma taurin kai. Ƙanwata dai ba ta yi dacen miji ba."

Muka kafa shi kai ƙasa. Na sassauta jak a hankali, rufi ya sauko ya zauna a kansa da ɗan nishi. Tokuji ya ja da baya har gindin kaki, ya rufe ido ɗaya, ya ce ya miƙe. Shi ya zuba gishiri, ni na zuba giya. Na je na ja ƙofar baranda da yatsa ɗaya, ta tafi sumul har ta buga.

Muna shan ragowar giyar ne da la'asar ya ce, yana kallon rafi, "Ranar Lahadi ɗana zai zo ya ɗauke ni."

Na zaci asibiti yake nufi. Ya girgiza kai.

"Gaba ɗaya. Sun samo mini wuri kusa da su. Tun Satumba ya kamata in tafi, sai na hango ka kana kokawa da igiya. Sau uku ina ɗaga musu rana, na ce ina da aiki a hannu."

"Da ban zo na roƙe ka ba fa?"

"Da ka zo. Na dai ga ka daɗe."

Na ce masa shayin can birni zai fi nawa muni. Ya ce babu shayin da ya fi nawa muni a ƙasar nan. Ranar Lahadi na tsaya a gada na rusuna har motar ta sha kwana.

Kayoko ta zo ƙarshen Nuwamba kamar yadda ta ce. Ta ja ƙofa, ta rufu. Ta buɗe ta sake ja, ta rufu. Ta zagaya ginshiƙin tana ƙwanƙwasawa.

"Ka ci, Baba. Amma Kawu ya tafi. Yanzu wa zai san kana lafiya?"

"Sharaɗi dai ƙofa ce, kuma ta rufu."

Ta yi kuka kaɗan, ta cika mini ɗaki da abincin gwangwani, ta koma a ranar don kada hanya ta toshe.

Bayan kwana huɗu ƙanƙara ta sauko, ta kwana biyu tana zuba. Da safe na ajiye wa Fusae shinkafa da shayi, na hura wuta, na ɗebi ɗanyen ganyen sugi cike da hannu na zuba a kai. Na fito baranda na zauna, na jingina kaina a wurin. Rufi ya yi nauyi, ginshiƙi ko gezau. A tsallaken rafi rufin Tokuji fari fat, ba abin da ke tashi daga cikinsa. Na zauna ina kallo har shayina ya huce, sannan na koma ciki na ƙara ganye.